Tsutsar Da Ke Cikin Lagireto

A bazarar bara, wajen tsakiyar watan Afrilu, muka tashi daga Gummi za mu Gusau ta hanyar Anka, a motar wani ɗan'uwa mai bi wanda sana'arsa ke nan, ɗaukar fasinja a kan wannan hanya. Motar Golf ce irin mai dogon baya, ta tsufa amma da sauran ƙarfinta. Mu bakwai ne a ciki, ban da kaya. A cikinmu akwai wata mace da goyo, yaron ba shi da lafiya, an tura ta babban asibiti a Gusau. Akwai kuma wani dattijo mai sayar da goro, wanda tun daga tasha bai daina ba mu labari ba.

Mun wuce Ɗaki Takwas da ɗan tazara sai muka ga direba ya rage gudu, yana ta duban gabansa. Allurar zafi ta hau har ta kusa taɓa ja. Kafin ya sami wurin raɓawa, tururi ya fara fitowa ta gaban mota. Ya kashe inji. Wurin daji ne, ba gida gaba ba gida baya, ga shi kuwa ƙarfe uku ta wuce. Wanda ya san hanyoyin yammacin Zamfara a shekarun nan ba sai an gaya masa abin da ke zuciyar kowa ba, gama 'yan bindiga sun sa ba mai son la'asar ta same shi tsaye a bakin hanya. Mai goro ma ya yi shiru.

Yaron mota ya ɗaga bonet, ya kai hannu zai buɗe murfin ruwa. Dattijon nan ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai yaro, kada ka taɓa! So kake ka saɓule fuskarka?" Yaro ya ja da baya, ya ce, "To, Baba." Mai goyo ta ce, "Malam direba, za ta tashi kuwa?" Ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, bari ta huce tukuna."

Muka jira. Da ta huce aka ƙara ruwa daga jarka, aka lallaɓa, aka sake tsayawa, aka sake ƙarawa. Sau uku muna yin haka. Ba mu shiga Anka ba sai dab da magariba, lokacin da ba sauran motar da za ta kama hanyar Gusau. Matar nan a Anka ta kwana da yaronta, sai da safe ta wuce. Daga baya mun ji yaron ya sami sauƙi, mun gode wa Allah.

Abin da ya ɗaure wa ɗan'uwanmu kai shi ne, kwana takwas ke nan da ya fito daga gyara, kuma gyaran na ruwa ne. Akwai wata mahaɗa ta roba mai tauri a gefen kan injin Golf, inda tiyon ruwa ke shiga. Da ta tsufa takan tsage ko ta banƙare, ta fara ɗiga. Tasa ta fara. Wanda ya kai wa gyara ba shi da sabuwa a hannu, shi kuwa yana sauri gama washegari ranar kasuwa ce. Sai aka kwance, aka laɓta jan gam a bakin mahaɗar, aka ƙara a gidan tamostat don kada shi ma ya fara, aka ɗaure, aka zuba ruwa, aka tada mota nan take. Yoyo ya tsaya, kowa ya yi murna.

Da gari ya waye muka bi shi wurin wani tsohon mai gyaran lagireto. Tsohon bai yi dogon tambaya ba. Ya sa aka tada mota har ta yi zafi, aka kashe, ya shafa fuskar lagireto da bayan hannunsa: nan zafi, can sanyi kamar ba a tada mota ba. Ya kwance ta, ya ɗaɗɗaga haƙoran da suka riƙe tankin gefe, ya buɗe. Sai ga wasu jajayen zarurruka masu santsi, wani tsawon yatsa, wani gajere, sun kwanta a bakin ƙananan bututu, waɗansu sun shige ciki. Ya zaro ɗaya ya ɗaga sama, ya ce, "Maigida, ga tsutsarka nan. Kai ka saye ta da kuɗinka."

Yadda ruwa ke yawo a inji

Kafin mu gane laifin tsutsar nan, ya kamata mu san aikin da ruwa yake yi. Man fetur da ke ƙonewa a cikin inji ba dukansa ne ke juya ƙafafun mota ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa yana shiga jikin ƙarfen inji, kuma ruwa ne kaɗai mai kwashe shi. Famfo yana tura ruwa ta hanyoyin da aka bari kewaye da silinda da kan inji, ruwan ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A can ya rarrabu cikin ƙananan bututu masu yawa, waɗanda faɗin bakinsu bai fi kaurin tsinken ashana ba, iska ta bi ta tsakaninsu ta sanyaya shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta kewaya muddin inji yana aiki.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da mutane suka raina, alhali kuwa aikin ya rataya a kansu. Na fari tamostat, watau ƙofar da ke rufe hanyar lagireto sa'ad da inji yake da sanyi, ta buɗe in zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Na biyu murfi. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin mota yana matse shi, har ya iya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In murfin ya lalace, ko wani ɗan abu ya maƙale a bakinsa ya hana shi rufewa sosai, wannan rata ta tafi.

A ƙasar da ke da sanyi, mota tana iya yin watanni da rabin lagireto a toshe mai ita bai sani ba. A wurinmu ba haka ba ne. A watan Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Gummi da Bukkuyum da Anka yakan wuce digiri 40, motar da aka yi domin mutum biyar tana ɗauke da bakwai ko takwas da buhunan hatsi a baya, ramukan hanya kuma ba su barin a yi gudun da iska za ta shiga da kyau. Motar da ke irin wannan wahala tana bukatar kowane bututu a buɗe.

Abin da ya ɓullo waje, ya ɓullo ciki

Shi gam ɗin nan da muke magana, na silikon ne, wanda ake sayarwa a cikin 'yar tuba kamar man goge baki, akwai ja, akwai baƙi, akwai toka-toka. Yana fitowa da taushi, in ya sha iska ya daskare ya zama kamar roba. Ba mugun abu ba ne. Masu ƙera motoci da kansu suna amfani da shi. Akwai injuna da yawa na zamani, irin na Toyota, da ba su da gasket ko kaɗan a kwanon baƙin mai, gam ne aka zizara tun daga masana'anta. Amma can zare ɗaya ake ja, siriri, wajen milimita 2 ko 3, a kan ƙarfe mai tsabta, a daidai layin da aka tsara.

Ga inda ɓarna take. In ka shafa gam tsakanin ƙarfe biyu ka ɗaure noti, ratar da ta rage a tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda ba. To, ina sauran gam ɗin zai tafi? Rabi ya ɓullo waje, inda ido ke gani, har wani bakanike yakan bi shi da yatsa ya gyara masa fuska don aiki ya yi kyau. Rabi kuwa ya ɓullo ciki, inda ruwa ke wucewa, can ba mai gani, ba mai sharewa. Ya daskare yana reto a bakin hanya kamar geza. Ruwan zafi yana ta bugunsa kullum, har ya tsinke, ya bi ruwa. Ba ya narkewa. Tafiya yake yi sai ya iske ƙofar da ta fi shi ƙanƙanta, ya tsaya nan.

Saboda haka duk lokacin da kuka ga jan gam ya yi tudu a gefen inji, ku sani ƙaninsa yana ciki.

Wurin da ya fi tsayawa shi ne bakin bututun lagireto, kamar yadda muka gani a Anka. Yakan kuma maƙale a tamostat ya hana ta buɗewa sosai, ko ya toshe ɗan siririn tiyon da ke mai da iska da ruwa zuwa tankin roba, iska ta taru a kan inji, wuri ɗaya ya yi ta gasuwa. In kuwa a wajen baƙin mai aka yi laɓen, watau a kwanon ƙasa ko murfin sama, abin ya fi muni. Gutsattsarin sukan taru a ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, mai ya ragu, inji ya buga. Wannan ba ya ba da sanarwa da tururi kamar na ruwa. Sau da yawa jar fitila ce za ta ƙyafta, sai ƙara.

Har wa yau gam iri-iri ne. Akwai mai warin tsami da ke shiga hanci in an buɗe, irin wanda ake liƙe gilashin taga da shi. Ba domin inji aka yi shi ba: tsaminsa yana cin ƙarfe, tururinsa kuma yana lalata na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa, mota ta koma shan mai. Kuma ko wanda aka yi domin inji ne, fetur yana kumbura shi ya ruɓar da shi, don haka ba shi da wuri a kafireto ko hanyar mai.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ganin ana shafa shi a babban gasket na kan inji, wanda makanikai ke kira tof gasket. A nan ne wutar silinda take, da matsi mai tsanani, ga ramukan ruwa da na mai kusa da kusa. An yi wannan gasket don a sa shi a bushe. In an cika shi da gam, ba zai kwanta daidai ba, ƙananan ramukan ruwa da ke jikinsa su ragu ko su toshe, wuta kuma ta sami laushin da za ta ci. Wanda ke shafa gam a nan, yawanci ya san kan injin ya banƙare ne, yana so ya rufe ratar. Ba ta rufuwa. Kan da ya banƙare sai an kai shi babban gari an goge shi a inji ya miƙe, sa'an nan a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshi da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi. A Golf ma kusoshin kan inji irin masu miƙewa ne, ba a so a maimaita su.

Laifin wane ne?

Da sauƙi a ce bakanike ne mugu, amma mun zauna da su, mun ga ba haka maganar take duka ba. Dattawan cikinsu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 404 da 504, waɗanda suka cika hanyoyinmu bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. A lokacin, in gasket ɗin famfon ruwa ya mutu, sai a ɗauko takarda mai kauri, a ɗora a kan ƙarfen, a bi gefensa da ƙaramar guduma a hankali har siffar ta fito da ramukanta. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma yana riƙewa shekaru. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin an yi wannan ba. Abin da suka tarar shi ne tuba a aljihun maigidansu.

Ga kuma nisan kaya. Bakanike a Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu, in yana son ɗan zoben roba na gidan tamostat, mai yiwuwa sai ya aika Gusau ko Sakkwato, wani abin ma sai Ƙofar Ruwa a Kano. Tun daga 2023 kuwa, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kayan gyara da na aike duka sun hau. Gam yana nan a shagon da ke kusa, tuba ɗaya ta yi mota biyar.

Sa'an nan ga mu, masu mota. Mu ne muke tsayawa a kan bakanike muna duban agogo. Gam yana son a ba shi lokaci. Masu yinsa sukan rubuta a jikin tuba cewa a bar shi kamar sa'a 24 kafin ya gama daskarewa. Wane direba ne a tasharmu zai yarda motarsa ta kwana saboda gam? In aka zuba ruwa aka tada inji yana ɗanye, ruwan ya ɗebe shi tun a ranar. Mu ne kuma in an ce mana sabon gasket kaza ne, sai mu ce, "Haba Oga, ba wata dabara?" Ɗan'uwanmu direba da bakinsa ya faɗa mana cewa wanda ya yi masa gyaran farko ya ce a jira kaya su zo jibi, shi ne ya ƙi.

Duk da haka akwai abin da ba za mu wanke bakanike daga gare shi ba. Shi ne ya san abin da ke faruwa a ciki, mai mota bai sani ba. In ya ga mahaɗa ta tsage, ya rufe tsagar da gam, ya karɓi kuɗin cikakken gyara, bai ce kome ba, ya yi abin da Annabi Ezekiyel ya tsauta a sura 13, inda ya kwatanta annabawan ƙarya da mutanen da suka tarar da bango marar ƙarfi suka bi shi da farar ƙasa, har ruwa da iska suka zo suka tona asirinsu. Annabin ba maganar mota yake yi ba, amma duk mai sana'a ya san hoton. Muna da 'yan'uwa makanikai a ekklesiyoyinmu, muna kuma da matasa da yawa da iyaye suka kai koyon wannan aiki. In dole ta sa ka yi gyaran wucin gadi, faɗa wa mai mota a fili: wannan zai kai ka gida ne kawai, ka dawo ran kaza. Yawancin mutane suna karɓar gaskiya in an faɗa musu tun da wuri. Kada kuma a ce muna gaba da liƙi. Uwar Musa ma da ta sa jaririnta a kwando a bakin kogi sai da ta shafe kwandon da kwalta, ya kuwa riƙe. Ta san wurin da za ta shafa.

Magani da ya fi cutar

Sa'ad da mota ta fara zafi bayan irin wannan gyara, abin da aka saba yi a garejinmu shi ne a cire tamostat a jefar, a ce ta ƙasar Turawa ce, ba ta dace da zafinmu ba. Wani lokaci allura takan ɗan sauka, sai a ce an gano ciwon. Ba a gano ba. Bututun da suka toshe suna nan a toshe. Abin da aka ƙara shi ne inji zai daɗe bai yi ɗumi ba da safe, musamman da hunturu, ya ƙara shan mai, ya ƙara saurin cinyewa. A waɗansu injuna ma tamostat ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. In an cire ta, ruwa ya sami hanyar rago, zafi ya ƙaru.

Na biyu shi ne a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa ba tsayawa. Iska ba ta sanyaya ruwan da bai iso ba. Na uku kuwa, zuba abubuwa a cikin ruwa don tsai da yoyo: ɗanyen ƙwai, garin barkono, garin da ake sayarwa a leda. Dukansu aikinsu toshe rami ne, ba su kuwa bambanta ramin yoyo da bakin bututu.

Ruwan da muke zubawa ma yana da nasa. Ruwan rijiya da na gulbi suna ɗauke da laka da gishirin ƙasa, suna barin ɓawo a cikin bututu kamar na gindin buta. Ruwa zalla kuma yana kawo tsatsa. Bututun da ɓawo ya riga ya rage masa faɗi, ɗan guntun gam kaɗan ya isa ya rufe shi. Ruwan inji mai launi, kore ko ja, wanda ake sayarwa a galan, yana da maganin tsatsa a ciki. Shi ya fi, ko a gauraya shi da ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikinsa.

A nan muna da magana da iyaye mata. Wannan ruwa mai launi guba ne, ga shi da ɗan zaƙi a baki, launinsa kuma kamar na lemon kwalba. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a bar shi a tsakar gida, kada a zubar da tsohonsa inda awaki da kaji ke sha. In yaro ya sha, a kai shi asibiti nan da nan, ko da bai nuna alamar kome ba. Haka kuma masu liƙin tsohuwar lagireto ta tagulla da masu gyaran batir suna aiki da dalma. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi, gama a 2010 ƙurarta daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. In maigida ko ɗa yana wannan aiki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya bar kayan aiki a gareji, kada ya ɗauki jariri da su.

In za ku kai gyara

Ba sai mutum ya zama bakanike ba kafin ya tsare motarsa. Ku tsaya ku ga an kankare tsohon gasket da tsohon gam sarai, an goge wurin ya bushe, ba mai ba ruwa. Ku tambaya, da ladabi, ko wurin nan na gasket ne ko na zoben roba ko na gam. In na zoben roba ne, sabon zobe kaɗai yake so; gam yana sa shi zamewa daga gurbinsa. In na gasket ɗin takarda ne, a sa shi a bushe, ko a yi masa shafa mai kamar fatar albasa in ƙarfen ya ɗan ci. In na gam ne, zare ɗaya, ya kewaye ramukan noti, a bar shi ya kwana. Ku sayi kayan da kanku in kuna iyawa, ku kuma karɓi tsohon da aka cire.

Bayan gyara, mako na fari ku riƙa leƙa tankin ruwa da safe kafin a tada mota. In kun ga ɗan jan abu yana yawo a ciki, ku koma tun bai yi nisa ba, a kwance tiyo a wanke lagireto ta baya, watau a tura ruwa ta inda yake fita. In kun ga kumfa tana tasowa a tanki sa'ad da inji ke aiki, ko farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan mota ta yi zafi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to wuta ta riga ta ci tof gasket, kada a ƙara tafiya da ita.

A hanya kuwa, in allura ta hau, a tsaya a kashe, kada a ce bari a kai gari na gaba. Mil biyu a kan ja sun isa su banƙare kan inji na alminiyom. A jira rabin sa'a ko fi. Kada a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, gama ƙarfe yana iya tsagewa. In za a buɗe murfi, a sa tsumma mai kauri, a juya kaɗan a bar iska ta fita tukuna, fuska a gefe. A yi hankali da fanka, irin ta lantarki takan tashi da kanta ko mota tana kashe. Jarkar ruwa kuma kada ta rabu da bayan mota, musamman ga mai bin hanyar Anka zuwa Gummi, ko ta Ɗaki Takwas zuwa Zuru.

Shi ɗan'uwanmu, Allah ya taimake shi ya kashe mota da wuri, kan injinsa bai taɓu ba. Tsohon nan ya bi bututun ɗaya ɗaya da siririn ƙarfe, ya wanke, ya mai da tankin gefe. Aka aika Gusau aka kawo sabuwar mahaɗa da zobenta da tamostat, motar ta yi kwana biyu a Anka. Da ya lissafa kuɗin wankin lagireto, da kaya, da kwana biyu ba aiki, da kuɗin da ya mayar wa fasinjojin da bai kai Gusau ba, ya tarar ya ninka abin da zai biya tun farko har wajen sau huɗu.

Tsohon yana da wani gwangwanin madara a kan bencinsa, inda yake tara tsutsar da yake zarowa daga motocin mutane, ja da baƙi da toka-toka. Ya ce yana nuna wa yaran da ke koyon aiki a wurinsa ne ranar da suka fara zuwa. Ya jefa ta ɗan'uwanmu a ciki, gwangwanin ya kusa cika.